Yadda ake tsara jerin tiyata na mako da lissafin kwamfuta

Akan kawo majinyaci daga Illela ko Tambuwal, a hana shi abinci tun dare, da la'asar kuma a ce an ɗage aikinsa. Sau da yawa dalilin shi ne an cusa aikin awa goma a ɗakin da ke da awa takwas. Lissafi na iya rage wannan wahala, kuma kwamfutar ofis ta isa.

A fara da rajistar ɗakin tiyata ta wata shida zuwa shekara guda. Ga kowane irin aiki, kamar gwaiwa, maƙoƙo ko yoyon fitsari, a fitar da matsakaicin lokacinsa a hannun kowane likita, da kuma yawan mintunan da yakan zarce ko ya gaza. Awon ya kama daga shigar majinyaci ɗaki zuwa fitarsa, a haɗa da sharar ɗaki. Wanda ya auna daga yanka zuwa ɗinki kaɗai ya zubar da lokacin sa barci da farfaɗowa, jerinsa kuma zai rushe kafin azahar. Kiyasin da likita ya faɗa da baki yakan gaza, don haka rajista ce abin dogaro.

Sai a zana tebur: kowane layi majinyaci ɗaya, kowane ginshiƙi ɗaki da rana. Kowane gurbi 1 ne in an ba majinyacin wurin, 0 in ba a ba shi ba. Kwamfuta ce za ta cike guraben bisa sharuɗɗa: majinyaci ba ya samun gurbi fiye da ɗaya, likitan tiyata ko mai sa barci ba ya zama a ɗaki biyu lokaci guda, jimillar mintuna ba ta wuce na ɗakin, misali 480. Ranar Juma'a a rage mintunan saboda masallaci. A ƙara jinin da aka tanada, gadajen bayan tiyata, da awannin da janareta ke ɗauka in wuta ta tafi. Sannan a gaya mata abin da ake nema: ta rage zarce lokaci da zaman ɗaki fanko, ta fifita mai ciwon daji da wanda ya daɗe yana jira, ta hanyar ba kowa maki.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne rarar lokaci. A ce ayyuka huɗu ne, kowanne yakan kauce wa matsakaicinsa da minti 20. Haɗa su kai tsaye ya ba da 80, wanda ya yi yawa, domin ba duka ke zarcewa rana ɗaya ba. Ana ninka kowane 20 da kansa, a sami 400, a tara huɗun su zama 1,600, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka: 40. Wannan minti 40 ake warewa. Jerin da ya cika ɗaki maƙil yana da kyau a takarda, amma majinyacin ƙarshe ne ke biyan kuɗinsa. Tiyatar haihuwa ta gaggawa da masu hatsarin mota kuwa a ware musu ɗaki ko awanni dabam, gwargwadon abin da rajista ta nuna.

Solver, wato ɓangaren manhajar Excel da ke warware irin wannan lissafi, yana tsayawa a gurbi 200. Majinyata 30, ɗaki 2, kwana 5 sun kai 300, don haka a ɗora OpenSolver, irinsa da ke ɗaukar fiye da haka, kyauta ne. Wuri mai ɗakuna da yawa, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ya fi dacewa da manhajar OR-Tools ta Google, amma sai da mai iya yaren rubuta manhaja, irin su Python.

A cikin yini, yara da masu ciwon suga su fara saboda yunwa, aikin da lokacinsa ba ya da tabbas ya koma baya, mai miki da ruwa ya zo ƙarshe. In saitin kayan wani aiki ɗaya ne tak, kada a jera irinsa biyu a jere, domin wanke kayan, gasa su don kashe ƙwayoyin cuta da hucewarsu kan ci fiye da awa guda.

In kwamfuta ta ce babu mafita, galibi sharuɗɗa biyu ne suka ci karo, misali an ba likita aiki a ranar da yake ganin majinyata a kilinik. A cire su ɗaya bayan ɗaya har a gano. Kafin a liƙa jerin, shugabar nas ta ɗakin tiyata da mai sa barci su duba shi, kuma duk wata uku a sabunta mintunan daga rajista.