Babi na Bakwai: Alamomin Cikin Tsohuwar Takardar Ƙidaya

Makon jiya wata dattijuwa daga unguwar Bagalam ta Maradi ta zo aji da takarda naɗe cikin leda, ta ce a ƙasan adakar mahaifinta ta tsince ta. Takardar ƙidayar gidansu ce ta zamanin Nasara. Sunayen duk da kanta ta karanta, na kuwa ji daɗi. Amma da ta kai kan wani ɗan gicciye a gaban sunan kakanta sai ta ajiye takardar, jikinta ya yi sanyi, wai an sauya masa addini ba su sani ba. Na ce, Inna, kwantar da hankalinki, ba abin da aka sauya masa. A rubutun Faransawa gicciye gaban suna galibi yana nufin mutumin ya rasu. Saboda ita na rubuta wannan babi.

Darasi na 1: Wace takarda ce a hannunka?

Tun bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta yi babbar ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ba waɗannan muke magana ba. Takardun da kuke kawowa na ƙidayar lanho ne, wato haraji. A tara mutanen gari gaban mai gari, kowane maigida ya faɗi mutanensa da dabbobinsa, magatakarda yana rubutawa da Faransanci, cikin sauri, rana tana dukan kowa.

Ka riƙe wannan: mai rubutun nan ba don jikoki ya rubuta ba. So yake ya san wa zai biya, wa ba zai biya ba. Wasu alamomin ma don ya tuna wa kansa wani abu ya yi su.

Kafin ka fara, ka wanke hannu ka shanya. Kada ka yi rubutu a kan tsohuwar takarda, ko da fensir. Ka yi mata fotokopi ko ka ɗauki hotonta da salula, ka yi aiki da wannan.

Darasi na 2: Kai yatsa sama

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Dubi takardar. An zana ta gurbi-gurbi kamar dara. Layin da ya kwanta daga hagu zuwa dama na mutum ɗaya ne. Layin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa na tambaya ɗaya ce, kuma tambayar tana rubuce can sama, a kan layin. Alama ba ta da ma'ana sai ka san a ƙarƙashin wace tambaya take zaune.

Ga yadda za ka yi. Ɗora yatsanka a kan alamar. Kada ka ce komai tukuna. Ja yatsan sama, a miƙe, ba karkacewa, har ka kai kalmar da ke can bisa. Karanta kalmar. Sannan ka sauko da yatsan zuwa alamar. Yanzu ne za ka buɗe baki.

Mu gwada da harafin M. Ɗora yatsa, ja sama. In ka tarar da Sexe, tambayar ita ce namiji ko mace, M ɗin nan kuwa namiji ne. Sake ɗora yatsa a kan wani M a wani gurbi, ja sama. In ka tarar da Situation de famille, maganar aure ake, M yana nufin mai aure, har mace ma ana sa mata shi. Harafi ɗaya, magana biyu. Wa ya raba gardamar? Yatsa.

Haka F. Yana iya zama mace, yana iya zama ɗiya. Ɗora yatsa, ja sama, karanta, sauko.

In yatsanka yana kaucewa, ba laifi, nawa ma yana kaucewa in takarda ta tsufa. Ɗauki rula ko karan dawa miƙaƙƙe ka shimfiɗa shi daga alamar zuwa sama, ka bi gefensa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali yana da shekara hamsin, wannan ba zai gagare shi ba.

Sai dai zan faɗi gaskiya. Sau uku na nuna wannan a allo, amma wani Baba a aji ya miƙe yana murna wai kakansa ƴaƴa 14 ya haifa. Na ce, Baba, ka kai yatsa sama? Ya ce ai a fili take. Muka kai yatsa tare, muka tarar da Caprins. Awaki ne. Ajin ya yi dariya, ni ban yi ba, domin saura kaɗan ya je ya shaida wa dangi suna da kawunnai goma sha huɗu da suka ɓata. Haba jama'a! Ba gasar sauri muke ba. Duk wanda ya sake gaya mini ma'anar alama bai ja yatsa ba, zan mayar da shi farkon shafi.

In shafin da ke hannunka ba shi da kalmomin sama, sun yage ko suna shafin farko, ka nemo shafin farko ka jera su gefe da gefe. Sannan ka ɗora yatsa, ka ja sama.

Gwaji: zaɓi alama biyar a takardarka. Kowace ɗaya ka rubuta a kayenka kalmar da ka tarar a samanta. Kalmar kawai, ban da fassara.

Darasi na 3: Alamomin da aka sani

Bayan ka ja yatsa, ga waɗanda za ka yi ta gamuwa da su.

Ƴan sanduna biyu ƙanana kamar sawun kaza, ko id., suna nufin daidai da na sama. Magatakarda ya gaji da maimaitawa ne. Ka hau sama layi-layi har ka sami kalmar da aka rubuta cikakkiya. Dcd ko gicciye, ya rasu. Ép., matar wane. Vve, wadda mijinta ya rasu. Fils de, ɗan wane. Fille de, ɗiyar wane. Imposable, wanda lanho ya hau kansa.

Sai vers, wadda har a katin ɗan ƙasa na da yawa daga cikinku tana nan. Vers 1920 ba ta ce an haife shi a 1920 ba, cewa ta yi wajen 1920. Duban fuska aka yi aka kintata. Kuma kun san halin mutanenmu da lanho: saurayi ya fara gemu a ce yaro ne, mai sauran ƙarfi a ce ya tsufa. Ban ga laifinsu ba, kuɗin ba sauƙin samu gare su ba. Saboda haka in takarda ta saɓa da abin da tsofaffin gida suka faɗa, kada ka yi saurin ƙaryata tsofaffi. Tambaye su da abin da ba a mantawa: lokacin da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 aka hauro tudu, an haife shi? Yana goye ko yana kiwo? Da aka hana aikin dole a 1946, ya yi aure?

A kula da 1 da 7. Bafaranshe yana yi wa 1 dogon baki har ta yi kama da 7, ita kuwa 7 yana ɗaura mata ɗamara a tsakiya. Babu ɗamara, ɗaya ce.

Sunan da aka ja wa layi aka soke, kada ka ce mutuwa ce kai tsaye. An dai cire shi daga lissafin gidan. Ko ya rasu, ko ɗiya ce ta yi aure, ko ya ware gidansa, ko ya ƙetara Jibiya ko Katsina. Duba gurbin ƙarshe, Observations, ko an bar bayani.

Darasi na 4: Alamar da ba wanda ya sani

Za ka ga ɗigo, ko da'ira, ko jan fensir a gefe, ba bayani ko'ina. Zana ta a kayenka yadda take, da launinta, da kalmar da ke samanta. E, yatsa dai. Sannan ka ƙirga su wa da wa aka yi wa irinta a shafin. In duk tsofaffi ne, ko duk samari, ka sami bakin zare. In ba ta bi kowane tsari ba, rubuta "ban gane ba tukuna" ka wuce. Wannan ya fi ƙirƙira.

Darasi na 5: Sunaye

Yadda kunnen mai rubutu ya ji haka ya rubuta. Ou shi ne u, dj shi ne j, tch shi ne c. Ousmane, Usman. Guidan, gidan. Karanta da ƙarfi, za ka ji sunan.

Darasi na 6: Inda ake nema

Fara da mai unguwa ko mai gari, sannan ma'aikatar magajin gari. Gidan adana tsoffin takardu na ƙasa yana Yamai. Mako mai zuwa kowa ya zo da fotokopinsa da rula. Waɗanda ba su yi gwajin darasi na 2 ba, su yi shi kafin su zo.