Yadda na gyara allurar zafin inji a tsohuwar Peugeot 504

Alhamdu lillahi, allurar ta dawo aiki, na gode wa maƙwabcina da ya ara mini mitar auna wuta. Matsalar ita ce allurar zafi kwance take a ƙasa, ko an yi tafiya daga Tahoua har Birnin Ƙwanni da tsakar rana. A zafin ƙasarmu, tuƙi babu wannan allura kasada ce.

Na duba fis, lafiya lau. Wani a garaji ya ce agogon da allurar ke ciki ne ya mutu, a sayo wani. Ban yarda ba sai na gwada.

Na'urar da ke jin zafin ruwa tana ɗaure a kan inji, waya ɗaya tak gare ta. Na zare wayar, na murɗa makulli ban tada mota ba, na taɓa bakin wayar a jikin inji inda ƙarfe yake tsirara. Nan take allura ta haura zuwa ja. Kada a daɗe, daƙiƙa biyu ta isa. Ke nan agogo da waya ƙalau suke.

Sai na ɗora mita a kan ohm, wato awon yadda abu ke tare wuta, tsakanin bakin na'urar da jikin inji. Ya kamata lambar ta sauka idan inji ya yi zafi, amma ko motsi ba ta yi ba.

Ke nan na'urar ce ta mutu. Da inji ya huce sarai na kwance ta, na goge tsatsar ramin, na ɗaura sabuwa irin ta 504. Ban naɗa mata farin tef ba, don ta zaren ne wuta ke komawa jikin inji. Na cike ruwan da ya zube, na tada mota, allura ta hau a hankali ta tsaya tsakiya.