Koya wa 'yan makaranta rainon itace a ƙasar Daura, daga leda zuwa fili

Yaron da ya taso a Daura, Mai'adua, Zango ko Baure ya riga ya san yadda iska ke kwashe ƙasar gona, ya kuma ji ana kukan tsadar itacen girki a gida. Abin da bai sani ba shi ne wahalar da ake sha kafin itace ɗaya ya kai a zauna a inuwarsa. Nan ya kamata malami ya sa ƙarfinsa, domin wanda ya yi shekara yana ɗawainiya da tsiro ba ya saurin ɗaga gatari.

A fara da zagaye. A fita da aji ɗaya, kada su wuce 30, a zaga makaranta da gonakin kusa, kowane yaro ya rubuta sunan itacen da ya gani da amfaninsa: gawo, kuka, aduwa, magarya, bagaruwa, tsamiya, kanya, bedi (wato darbejiya). Sannan a tura su gida su tambayi kakanninsu itatuwan da ake da su a da waɗanda yanzu sun yi wuya. A daɗe a gindin gawo, don shi kaɗai darasi ne. Yana zubar da ganye da damina, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ya fitar da sabo da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Darasin zaizayar ƙasa ba ya cin kuɗi. A cika tsofaffin faranti biyu, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa da saiwarta. A karkata su daidai, a zuba wa kowanne ruwa gwangwani ɗaya, yara su duba launin ruwan da ya gangaro.

Babban aikin shi ne wurin rainon dashe, kuma a watan Maris ko farkon Afrilu ake kafa shi, don tsiro ya samu wata 3 zuwa 4 kafin dashe. A zaɓi wuri mai inuwa kusa da rijiya ko famfo, a kewaye shi. Yara su tattaro ledojin fiya wata da ke yashe a fili, a yanke bakinsu, a huda ramuka 4 zuwa 6 a ƙasa. Ledar da ba a huda ba tana riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe. Haɗin ƙasa kuwa: kwano 2 na yashi, 1 na ƙasar gona, 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara.

Iri ne ke yawan ba malamai kunya. 'Ya'yan bagaruwa, gawo da kuka suna da ɓawo mai tauri, in aka shuka su haka nan sai a yi makonni ba labari. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba irin, a bar shi ya kwana ya wuni a ciki. Malami ne zai yi wannan da hannunsa. Ana kuma iya ɗan goga gefen ƙwayar a dutse har ɓawon ya yi rauni. Bedi akasin haka yake: irinsa na mutuwa cikin 'yan makonni, sai a shuka shi da ɗanyensa bayan an wanke naman jikinsa. Zogale ba ya son komai, cikin mako 1 zuwa 2 ya fito, don haka shi za a ba 'yan ƙananan aji saboda gajen haƙurinsu. A sa ƙwaya 2 a kowace leda, zurfin kamar gaɓar yatsa, in duka sun fito a cire mai rauni. Ga manyan aji, a shuka bagaruwa 20 da aka jiƙa da 20 da ba a jiƙa ba, su riƙa ƙirga masu fitowa kowace safiya. An haɗa kimiyya da lissafi ke nan.

Ban ruwa safe da yamma, ba da tsakar rana ba. Duk mako 2 a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, in saiwa ta leƙo a datse, in ba haka ba za ta kama ƙasa ta tsinke ranar ɗauka. Saura mako 2 a dasa, a rage ruwa, a janye inuwa kaɗan-kaɗan.

Makarantu da yawa suna dashe ranar 5 ga Yuni saboda Ranar Muhalli ta Duniya ce. A nan arewacin Katsina wannan gaggawa ce, damina ba ta zauna ba. A yi taron da jawabai a ranar, a bar dashe sai Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, kafin a tafi dogon hutu. Rami ya kai santimita 40 faɗi da zurfi. A yaga ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Dasawa da leda na cikin manyan abubuwan da ke kashe dashe. Tsakanin bedi da bedi a bar mita 5, kuka mita 10, kuma kada a matso da su jikin ginin aji. A yi wa kowane tsiro ɗan kwari a gindi mai tare ruwa. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da lambu, shan ruwansa ya yi yawa.

Daga Oktoba zuwa Mayu ne ake gane makarantar da ta yi aiki. Awaki su ne abokan gaba na farko. Shingen kara ba ya kai ko'ina, gara ta ci, akuya ta ture. Ƙayar magarya ko tubali da aka jera da 'yan tagogi sun fi. A ba yara 2 ko 3 itace ɗaya, a rubuta sunayensu a kai, su ba shi bokiti ɗaya sau 2 a mako. Inda ruwa ke wuya, a binne ƙaramin tulu kusa da saiwa, a cika a rufe bakinsa, zai riƙa tsatsafowa a hankali. A barbaɗa toka a gindi saboda gara. Kuma gwamma a dasa 40 da za a iya shayarwa da a dasa 400 don hoto. Lokacin hutu, a yi magana da mai unguwa da kwamitin iyaye tun da wuri a san wanda zai riƙe ban ruwa.

Akwai wata hanyar da ba ta bukatar leda ko iri, wadda manoman Maraɗi suka yi suna da ita tun shekarun 1980, ana ce mata sassaben zamani. A nemi kututturen sabara ko kalgo da ke tohowa, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, a sare sauran da wuƙa mai kaifi, a rage ƙananan rassan ƙasa. Tunda saiwar ta daɗe a ƙasa, girmansa ya fi na dashe sauri. Wannan yara za su iya kai shi gonar gida.

A buɗe littafi guda na aji: sunan itace, ranar dashe, masu kula da shi, da tsawonsa da za a auna da igiya duk ƙarshen wata. A watan Mayu a ƙirga masu rai, a rubuta abin da ya kashe kowane matacce, akuya ce, gara ko ƙishirwa, sannan a ware ledojin da za a cike gurbinsu da su a Yuli.