Kurakuran da mutanenmu ke yi idan sun je Elmina

'Yan Kebbi da ke zuwa Gana fatauci ko ziyarar dangi a zango sukan ƙarasa Elmina su ga teku, tafiyar kilomita kusan 150 yamma da Akara. Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗan Argungu ko ɗan Yawuri ya ɗauka iyon da ya ƙware a Matan Fada ko a Kwara zai fisshe shi a can. Kogi gefe ɗaya yake gudu, ka san inda zai kai ka. Teku kuwa yakan turo igiya bakin gaɓa, sannan ruwan ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin tsiya. Wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido, babu farin kumfa, sai dai ruwan ya ɗan yi duhu, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, nan ƙarfi ke ƙarewa. Yi iyo ta gefe har ka fita daga jansa, ka ɗaga hannu ka yi ihu. Tun farko ma, tambayi masuntan wurin kafin ka tsoma ƙafa.

Duwatsun bakin ruwa ma suna da nasu sharrin. Ruwan teku yana hawa yana sauka sau biyu tsakanin dare da rana, dutsen da ka gani a bushe da hantsi zai iya nutsewa kafin la'asar. Ga gansakuka mai santsi, kai kuma da silifas, ka juya wa igiya baya kana ɗaukar hoto. Don Allah a daina.

Sai masu shiga ganuwar Elmina, tsohon sansanin Turawa na cinikin bayi, suna shewa, su yi hoto su fice. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Biya kuɗin ɗan jagora ya sauka da kai kurkukun ƙasa, inda aka cusa bayi cikin duhu da ƙarancin iska, har zuwa ƙuntatacciyar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Wasu daga cikinsu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga, wadda fataken goro Hausawa suka sani sarai. Za ka tarar da baƙaƙen fata daga Amurka suna hawaye a wurin, ka sassauta murya.

Mai son ganin hada-hadar kifi kada ya zaɓi Talata, ranar masunta ba sa fita teku. Je da sassafe wata ranar bakin tafkin Benya da ke haɗe da teku, inda kwale-kwale ke sauke kaya, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mace mai sayar da kifi hoto.

Kada ka bar gida ba fasfo da katin allurar shawara, ana tambayarsa a iyaka. Ka canza nairarka zuwa sidi tun a Aflao, kan iyakar Gana da Togo, ko Akara.