Yadda ake kai iyali hutu Zanzibar daga Garwa, Marwa ko Njamena

Yaranmu sun san ruwa, amma na kogi: Binuwai a Garwa, Logon da Shari a Kuseri da Njamena, sai mayo na Marwa da ke cika da damina ya koma yashi da rani. Magidancin da Allah ya hore wa, yake son iyalinsa su ga teku a wurin da uwargida ba za ta takura da mayafinta ba, Zanzibar ce shawarata. Tsibiri ne a tekun Indiya, ƙarƙashin Tanzaniya, mafi yawan mutanensa Musulmi, kiran salla na iske ka har bakin ruwa. Sai dai tafiyar tana da tsari, wanda kuma ya sa na baya a gaba, aljihunsa ne zai gaya masa.

Fara da takardu, kada ka taɓa kuɗin tikiti tukuna. Kowane yaro sai da fasfo nasa, har jariri, kuma ya kasance da sauran wata shida aƙalla kafin ya ƙare. A Kamaru fasfo sefa 110,000 ne tun 2021, ka ga mai 'ya'ya huɗu ya kashe kuɗi tun bai leƙa filin jirgi ba. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Da Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashen da ake tambayar matafiyansu shi. Ana yin allurar kwana 10 kafin tafiya, ana yi wa yaro daga wata tara, kuma sau ɗaya ta isa har abada. In uwa ce za ta tafi da yara ba tare da uba ba, a rubuta takardar izininsa a kai hukuma ta buga hatimi.

Biza ita ce ke raba maƙwabta. Ana cike ta ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, ta yawon buɗe ido dala 50. Amma mai fasfon Chadi, kamar na Nijar da Najeriya, yana cikin rukunin da sai hukuma ta duba takardunsa ta amince tun yana gida, ba a buga masa a filin jirgi. Ka nema da wata biyu a gaba. Wannan ya shafi gidajenmu da yawa, inda maigida ke da fasfon Kamaru, amarya kuwa 'yar Njamena ce. A fara da nata. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta kawo tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 ga babba, ana saye ta intanet, kuma wata inshora da ka yanka a gida ba ta maye gurbinta.

Lokaci kuwa ya zo mana daidai. Babban ruwan Zanzibar daga Maris zuwa Mayu yake sauka, ƙarami a Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da iska mai daɗi, wato daidai babban hutun makaranta. Illarsa ɗaya, Turawa ma Yuli da Agusta suke hutu, otal na tsada. In yara sun gama jarrabawa da wuri, ƙarshen Yuni ya fi sauƙi.

Hanya biyu ce. Mutanen Kuseri da Marwa, Njamena ta fi muku kusa: a haye gadar Ngeli, a hau Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, a canza jirgi zuwa Zanzibar. Na Garwa da Ngaundere su sauka kudu, ko ta jirgin sama ko ta jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, su tashi daga filin jirgin Nsimalen na Yawunde ko na Duwala. Ka bar kwana guda cur tsakanin isarka kudu da babban jirgi. Gara a biya ɗaki na dare ɗaya da a rasa tikitin mutum shida saboda jinkirin hanya.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, domin a nan hutun ke gyaruwa ko ya lalace. Kafin ka zaɓi otal, zaɓi gefen tsibirin.

Kogi sau ɗaya yake cika a shekara, teku kuwa sau biyu a rana. Ruwa ya taho har gindin bishiyoyin kwakwa, bayan kamar awa shida ya janye, ya sake dawowa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, shi ya sa cikar da janyewar suka fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Mu da muke lissafi da watan Musulunci, wannan ba zai ba mu wuya ba. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Matemwe da Kiwengwa, ƙasan ruwan shimfiɗe yake, in ya janye sai ka hango shi can nesa, a bar ka da fili fetal, mata na aikin gonakin ciyawar teku a ciki. Hoton da otal ya ɗora a intanet lokacin cikar ruwa aka ɗauke shi. Ka isa da tsakar rana, yara sun sa kayan wanka, teku ta yi tafiyarta. A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar ta fi zurfi, ana iya wanka kusan kowace sa'a.

To wanne ya fi? In yaranka ƙanana ne, 'yan ƙasa da shekara bakwai, kuma ba wanda ya iya ruwa, ni gabas zan ce. Ruwan da ya janye yana barin ƙananan kududdufai masu ɗumi, iya gwiwa, yaro ya wuni yana bin kaguwa hankalinka kwance, gari kuma shiru. Sharaɗi biyu ne. Kowa ya sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu, ƙayarta in ta karye a tafin ƙafa an gama hutun yini biyu. Sannan a san sa'ar dawowar ruwa. Kusan kowane otal yana da jadawalinta, ka tambaya kowace safiya, domin wanda ya yi nisa cikin fili ruwa na iya zagayo shi ta baya. In kuwa samari da 'yan mata gare ka masu son ninƙaya, arewa. Amma arewa akwai kiɗan dare da mashaya, Kendwa ma an san ta da casun cikar wata. Ka rubuta wa otal ka tambayi nisan ɗakinka da wurin kiɗa. Kuma ko ina kuka sauka, yaron da ya iya iyo a Binuwai bai san igiyar ruwa ba. Babba ɗaya ya zauna idonsa a kansu, waya a aljihu, har a pisin, wato tafkin wanka na otal.

Bayan gaɓa, tsarin abinci. Otal zai tallata maka wanda aka haɗa komai a ciki, ci da sha ba iyaka. Wani kaso na kuɗin nan na giya ne, kai kuwa gidanka shayi da lemo. Na fi son tsarin karin kumallo da abincin dare, wanda masu Faransanci ke ce wa demi-pansiyon. Da rana a fita ƙauye a ci shinkafar pilau da kifi, ko mishkaki, wanda tsire ne da wani suna. Yaron da ya ƙi komai a nema masa ugali, tuwon masara ne sak. Naman gari na Musulmi ne, amma manyan otal na baƙi kan ajiye naman alade a teburin safe, sai a tambayi mai dafa abinci. Uwargida ta saka yaji da garin kunu a jaka, za ta gode wa kanta a rana ta uku.

A wasiƙar da za ka aika wa otal, haɗa da waɗannan: shin akwai ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, yaro ɗan shekara nawa ke kwana kyauta, akwai gidan sauro, an yarda mace ta shiga pisin da kayan wanka masu rufe jiki, kuma harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum yana cikin farashin ko daban ne. A ba ka amsa a rubuce, ka buga ta a takarda. Ka kuma sa su turo mota filin jirgin Zanzibar, wato Abeid Amani Karume, domin zuwa Nungwi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, ba lokacin ciniki da direba ba ne alhali yara na gyangyaɗi.

Sefa ba ta da amfani a can. Ka canza zuwa yuro ko dala tun a gida. Yuro ya fi mana sauƙin lissafi tunda farashinsa a tsaye yake, sefa 655.957, dala kuwa a nemi sababbin bugu, ana ƙin tsofaffi. In ka isa ka canza wani abu zuwa shilin na Tanzaniya don kasuwa da tasi. Soket ɗinsu irin na Ingila ne mai baki uku, cajar da muka saba ba ta shiga sai da mahaɗi. An hana shiga da leda tun 2019. Mota hagu take bi, a riƙe hannun yara wajen tsallaka titi. Faransanci ba zai kai ka nesa ba, Swahili da Turanci ake yi, ko da yake mai Larabcin Chadi zai riƙa tsintar kalmomi. Agogonsu na gaban namu da awa biyu, kuma a bakin mutanen gari ana fara ƙirga sa'a daga wayewar gari, "saa moja" ƙarfe bakwai ke nan. In kun yi alkawari da mai kwalekwale, nuna masa a fuskar waya.

Wani abin da ke ruɗa baƙo daga wajenmu shi ne alƙibla. Mun saba fuskantar gabas, a Zanzibar kuwa Makka tana arewa. Mafi yawan mutanen can Shafi'awa ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu, a mazhabarmu ta Malikiyya, cika salla zai yi.

Kwana bakwai sun isa, kuma kada a cika su da yawo. Rana ɗaya a tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000: lunguna, ƙofofin katako masu sassaƙa, kasuwar Darajani, da cocin Angilika da aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Manyan yara ya kamata su ga wannan. Da magariba a sauka lambun Forodhani, inda masu gashi ke sayar da abinci, a tambayi farashi kafin a ɗora nama a wuta. Wata safiya a je gonar kayan ƙamshi, yara su ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiya, abin da suka sani a ƙulle a kasuwa kawai. Dajin Jozani na da jajayen birai da ake zuwa kallo daga ko'ina, tsibirin Changuu kuma manyan kunkuru, tafiyar kusan rabin awa a kwalekwale. Kada ku hau sai an ba kowane yaro rigar ceto daidai jikinsa, ta babba ba ta riƙe ƙaramin yaro.

A bakin ruwa masu talla za su yi ta zuwa, mutanen gari na ce musu papasi, wato kaska. "Hapana, asante" da murmushi ta wadatar. In za a yi tsaraba, kanumfari da zanen kanga a Darajani sun fi na shagon otal araha nesa ba kusa ba, sai dai a auna jakunkuna tun a ɗaki, domin kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi ya fi kuɗin kanumfarin.