Darasi na 9: Idan Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa Ya Fi Ɗaya

Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna da bango, wani lokaci sai wani wuri a bangon ya yi laushi ya bullutso waje kamar yadda tsohon tiyub ɗin keke ke yin ƙulu in an cika masa iska. Likitoci na kiransa aniyurizim. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ma har su koma ga Allah ba su sani ba, don galibi ba ya nuna kansa sai ya fashe. To cikin masu shi ɗin, wajen ɗaya cikin biyar ko fiye za a tarar ba guda ɗaya ba ne, biyu ne ko uku, wani ma ɗaya a dama ɗaya a hagu. An fi ganin haka a mata, da masu shan sigari, da masu hawan jini, da waɗanda abin ke cikin danginsu.

In ya fashe ba ya ɓuya. Ciwon kai ne zai sauko lokaci ɗaya irin wanda mutum bai taɓa ji ba tunda aka haife shi, wuya ya sanƙare, ga amai, haske ya dame shi, wani ya suma. Don Allah a nan kar a tsaya ba shi panadol ana cewa bari mu gani zuwa safe, asibiti kawai, domin kwana na farko shi ne ya fi haɗarin sake fashewa.

A asibiti za a yi hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai, da na jijiyoyi. Nan ne aikin likita yake, hoto ya nuna ƙulu uku amma ɗaya ne ya zubar da jini, wanne ne? Yana duba inda jinin ya fi taruwa, da wanda ya fi girma, da wanda ba shi da santsi wato yana da ɗan tsiro a jikinsa. Shi ake fara rufewa, don in aka rufe wani daban aka bar mai laifin to an yi aikin banza.

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko tiyata, a buɗe ƙashin kai a sa ɗan maƙalin ƙarfe a matse wuyan ƙulun yadda jini ba zai ƙara shiga ba. Wani likita a Amurka, Walter Dandy, shi ya fara yin haka a 1937. Amfaninta ga mai ƙulu da yawa shi ne in suna gefe ɗaya likita na iya maƙale biyu ko uku a shiga ɗaya. Ta biyu ba a buɗe kai, ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu har ƙwaƙwalwa, a cusa lallausar waya a cikin ƙulun jini ya daskare a ciki ya toshe, wannan ta zo ne a farkon shekarun 1990. Wani babban bincike da aka fitar a 2002 kan mutum sama da 2,000 da nasu ya fashe ya nuna bayan shekara ɗaya kusan 24 cikin 100 na masu waya sun rasu ko sun kasa kula da kansu, masu maƙali kuma kusan 31. Amma fa na waya ya fi yawan sake buɗewa, shi ya sa ake ta kiransu hoto.

Sauran ƙulun kuma ba dole a taɓa su ranar ba, mutane da yawa hankalinsu na tashi su ce ai likita ya bar aiki rabi. Ba haka ba ne, ita kanta tiyatar tana da haɗarinta, har shanyewar ɓarin jiki tana iya jawowa, don haka ana aunawa ne. Babba ko mai ƙara girma a sa masa rana bayan mutum ya farfaɗo, ƙarami kuma musamman wanda bai kai milimita 7 ba sau da yawa ido ake sa masa, duk da wanda nasa ya taɓa fashewa an fi saurin yi masa aiki.

Ko an rufe ba a gama ba tukuna. Daga kwana 3 zuwa 14 bayan fashewar jijiyoyin na iya tsukewa, shi ya sa ake ba da maganin nimodifin har kwana 21. In an koma gida mantuwa da saurin gajiya da saurin fushi na iya ɗaukar watanni, 'yan uwa sai haƙuri. Sigari kam a bar ta gaba ɗaya, a riƙa auna hawan jini, kar a tsallake ranar hoto. In kuma mutum biyu a cikin iyaye ko 'yan uwa na jini ko 'ya'ya sun taɓa samu, sauran su gaya wa likita a duba su.

Aiki: ɗauko rula ka ja layi mai milimita 7 a littafinka. Ƙarƙashinsa ka rubuta alamomi uku na fashewa, sannan ka karanta wa na kusa da kai da ƙarfi.