Yadda za ka gano wanda ya tsayar da rubutun sunan ƙauye

Ka taɓa ganin sunan ƙauye ɗaya an rubuta shi kala uku, na allon bakin titi daban, na taswira daban, na takardar haihuwa daban? To ana iya bin sawun abin har a gano wanne ya riga wanne.

Fara da tarawa. Duk takardar da sunan ya fito a ciki ka ɗauke ta hoto, rasit ɗin haraji ne, takardar gona ce, rajistar makaranta, ambulan mai hatimin gidan waya, tsohuwar taswira, kada ka raina ko ɗaya. Sai ka samu littafi ka ja layi uku: shekara, yadda aka rubuta harafi da harafi, da wanda ya rubuta. Don Allah ban da gyara, ko ka ga kuskure ƙiri-ƙiri kwafe shi yadda yake, ai kuskuren ne shaidar.

Layi na ukun nan shi ne inda aikin yake. Yawanci wanda ya fara sa sunan a takarda ba ɗan garin ba ne, baƙo ne mai awon ƙasa ko malamin haraji, abin da kunnensa ya jiyo masa shi yake rubutawa da haruffan yarensa. Dubi Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, da aka fara auna ƙasar a 1824 masu taswira sun riƙe littattafai suna jera duk yadda aka taɓa rubuta sunan kowane ƙauye, su saurari mutanen wurin, sannan su zaɓi guda ɗaya da bakin mai Turanci zai iya, a haka kalmar yaren mutanen Ayalan ta baile, wato mazauni, ta tsaya a matsayin Bally a ɗimbin sunaye kuma haka ta zauna har yau. Amurka ma ta kafa hukumar sunayen wurare a 1890, ta yi ta datse haruffa, har birnin Pittsburgh sai da aka cire masa h ɗin ƙarshe a 1891, mutanen garin suka ƙi yarda sai da aka maido musu a 1911. Birni ke nan mai baki, ina ga ƙauye.

Ka lura da tafireta kuma. In babu harafi mai lanƙwasa a jikinta akawu D zai buga a madadin Ɗ, na bayansa ya kwafa.

Daga nan ka jera komai bisa shekara, za ka ga wani wuri da rubutun ya daina canzawa, duba abin da ya faru a shekarun nan, galibi ko taswirar gwamnati ce ta fito ko an buɗe gidan waya ko an yi ƙidaya.

Kafin ka rufe littafin je ka zauna da tsofaffi biyu ko uku, kowa daban, ka kunna rikodin a waya. Kada ka fara furta sunan, bakinka za su bi. Tambaye su dai a ina aka haife su, ka yi shiru.